Direba ya ƙi tsayawa: yaushe ya kamata 'yan sanda su fafare shi?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni direban motar haya ne. Kwanakin baya a kan idona motar sintiri ta biyo wani yaro mai a-daidaita-sahu da ya tsallake shinge, suka shigo unguwa a guje, har ya kaɗe wata dattijuwa mai tuyar ƙosai a bakin titi, ƙafarta ta karye. Da aka kama shi, ashe takardunsa ne kawai suka ƙare. Ga shi kuma kullum muna ganin bidiyon 'yan sandan Amurka a Facebook suna bin mota har su wuntsila ta. Shin akwai ƙa'idar bin mota, ko duk wanda ya gudu dole a bi shi? In kuma aka ƙyale shi, ba an koya wa ɓarayi gudu ba ke nan?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba wannan dattijuwa lafiya, ya sa kaffara ne. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko gudun direba kaɗai ya isa hujjar a fafare shi, da kuma ko ƙyale shi ba zai zama an buɗe wa masu laifi ƙofa ba. Na daɗe ina aikin sintiri a mota, daga baya na koma horar da masu tuƙa motocin aikin gaggawa. Zan amsa maka da abin da idona ya gani, da kuma abin da ƙasashen da suka rubuta ƙa'idarsu dalla-dalla suka cimma, musamman Amurka da Birtaniya.

Amsar tambayar farko, a'a. Ƙin tsayawa laifi ne, kuma akwai hukuncinsa, amma hukuncin ba kisa ba ne. Shi kuwa bin mota a guje cikin gari saka rayuka ne a faifai: ran wanda ake bi, na fasinjansa, na 'yan sandan kansu, da na wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. A wurina ɗan sandan da ya take totur ya bi mota daidai yake da wanda ya zare bindiga a tsakiyar kasuwa. Akwai ranar da dole a zare ta, amma ba don takarda ta ƙare ba.

Abin da gudu ke yi wa mota da mai tuƙa ta

Kai direba ne, wannan lissafin ba zai ba ka wuya ba. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cinye kusan mita 33 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da idon direba ya ga yaro ya fito zuwa lokacin da ƙafarsa ta kai kan burki, daƙiƙa ɗaya da rabi kan wuce, wato mita 50 sun tafi bai ma fara tsayawa ba. Sai burkin ya ci wasu mita 80 a busasshiyar kwalta mai kyau, da taya mai kyau. Jimilla kusan mita 130, ya fi tsawon filin ƙwallo. A gudun kilomita 60 kuwa, duka-duka abin bai wuce mita 45 ba. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da burki ke buƙata ninki huɗu take yi, haka ma ƙarfin karo. Jiniya ba ta rage ko taku ɗaya daga wannan lissafi. Hasali ma idan gudu ya yi yawa, wanda ke gaba, musamman in gilashinsa a rufe yake ko rediyo na kunne, ba ya jin jiniyar sai motar ta riga ta iso kansa.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro a wannan aiki ba ƙarfe ba ne, zuciya ce. Na zauna kusa da direbobi masu natsuwa, waɗanda ko kaza ba sa son takawa, amma da zarar wani ya tsallake shinge sai ka ga mutum ya canza. Numfashinsa ya ƙaru, wuyansa ya sandare, idonsa ya kafe a kan fitilar bayan motar da yake bi, ba ya ganin mararraba, ba ya ganin makaranta, ka yi masa magana ba ya ji. A ransa maganar ta tashi daga aikin doka ta koma "ni zai raina?" Wannan halin ba na mugun ɗan sanda ba ne kawai, jikin ɗan Adam ne haka idan tsoro da fushi suka haɗu. Shi ya sa abu mafi wuyar koyarwa a horon tuƙin gaggawa ba shan kwana a guje ba ne. Ɗaga ƙafa daga totur alhali kana hango mutuminka, shi ne mai wuya.

Wanda ake bi kuma ya fi muni, domin shi ba horo gare shi ba, kuma rabin hankalinsa na kan madubi. Wani malamin jami'a a jihar Karolina ta Kudu, Geoffrey Alpert, ya shafe shekaru yana nazarin wannan batu, har ya zanta da mutanen da aka kama bayan sun gudu wa 'yan sanda. Mafi yawansu sun shaida cewa da sun ga an daina bin su, da sun sassauta gudu bayan ɗan tazara kaɗan. Ma'ana, sau da yawa motar da ke baya ita ke riƙe da totur ɗin motar da ke gaba.

Abin da bidiyon Amurka ba ya nuna maka

Bidiyon da ke yawo yakan ƙare ne a inda aka sa wa mutum ankwa. Lissafin gawa ba ya fitowa. Ofishin ƙididdiga na Ma'aikatar Shari'ar Amurka ya fitar da rahoto a 2017 da ya nuna cewa tsakanin 1996 da 2015, kimanin mutum 355 ke mutuwa duk shekara a haɗurran bin mota, kusan mutum guda kowace rana. Kusan ɗaya cikin uku na mamatan ba sa cikin motar da ake bi, ba sa cikin ta 'yan sanda. Jaridar USA Today ta yi nata binciken a 2015, ta ƙirga sama da mutum 11,500 daga 1979 zuwa 2013. Kuma da yawan waɗannan tsere-tsere ba daga fashi ko kisa suka faro ba, daga ƙaramin laifin titi ne.

Shari'ar da ta fi shahara a can ta nuna haka ƙarara. A 2001, a jihar Jojiya, 'yan sanda suka hango wani matashi ɗan shekara 19, Victor Harris, yana gudun mil 73 a awa a inda aka ƙayyade 55. Ya ƙi tsayawa. Aka bi shi kusan mil 10 cikin dare, sannan wani jami'i, Timothy Scott, ya daki bayan motarsa, ta bar titi ta kife. Harris ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Ya kai ƙara, magana ta je Kotun Ƙoli, a 2007 alƙalai takwas cikin tara suka ce jami'in bai saɓa wa tsarin mulki ba, tun da gudun Harris ya jefa jama'a cikin haɗari. Mutane kan kafa hujja da wannan hukunci su ce ai an halatta. Ni abin da nake gani a ciki daban ne. Kotu ta amsa tambayar ko za a sa jami'in ya biya diyya ne, ba ta ce dabara ce mai kyau a mayar da laifin gudun ganganci ya zama shanyewar jiki har abada ba. Shi ya sa rundunoni da yawa a Amurka suka rubuta wa kansu ƙa'idar da ta fi abin da kotu ta yarje musu tsauri.

A 2023 wata cibiyar nazari ta shugabannin 'yan sanda da ake kira PERF, tare da tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, ta fitar da jagora a kan batun. Shawararta ita ce kada a bi mota sai sharaɗi biyu sun cika tare: wanda ke ciki ya aikata laifin da ya shafi taɓa rai ko lafiyar wani, kuma akwai barazanar zai sake yin wani nan kusa idan aka bar shi. A kan wannan ma'auni, ɗan fashin da ya harbi mutum ko mai garkuwa da ke ɗauke da wanda ya sace, a bi shi. Mai mataccen lasisi, mai tsallake danja, har ma ɓarawon da ya saci mota babu makami, a nemi wata hanya.

To ba a koya wa ɓarayi gudu ba?

Wannan tambayar taka mai nauyi ce, kuma ba zan ce maka ƙuntata bin mota ba shi da farashi ba. Birnin Milwaukee ya ɗanɗani ɓangarorin biyu. A 2010, bayan mutum huɗu da ba ruwansu sun mutu cikin 'yan watanni, shugaban 'yan sandan birnin, Edward Flynn, ya taƙaita bin mota ga manyan laifuffukan ta'addi. Tsere ya ragu. Sai kuma mazauna birnin suka fara kukan cewa matasa na tuƙin ganganci da satar mota suna yi wa 'yan sanda gwalo, don sun san ba za a bi su ba. A 2017 aka sassauta ƙa'idar, cikin shekara guda yawan bin mota ya ninka fiye da biyu, haɗurra da raunuka suka biyo baya. Jihar Washinton ma ta tsaurara dokarta a 2021, ta sassauta a 2023, ta ƙara sakin ta a 2024. Ka ga har yau suna kai-komo a kai, kuma masu gaskiya na ɓangarorin biyu.

Inda na tsaya ni shi ne, daina bi ba daidai yake da yafewa ba. Ƙa'idar ƙuntatawa tana lalacewa ne idan aka ce "kar a bi" aka yi shiru daga nan. Idan aka ɗauki lambar mota, aka ga fuskar direba, aka sanar da shingen da ke gaba ta oba-oba, gobe da safe aka same shi a gida ko a tasha, darasin da matasa za su koya shi ne gudu ba ya fisshe ka, sai ma ƙara maka laifi a kan laifi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Don haka tambayar da nake sa ɗalibaina su fara yi wa kansu ita ce: zan iya samun mutumin nan daga baya? In amsar e ce, to gudun ba shi da sauran dalili. Yaron da ka ba da labari, kekensa na da lamba a jiki, yana da ƙungiya, yana da mai keken da yake kai wa balas kowace yamma. Babu inda za shi.

Wa ke yanke shawara, kuma yaya ake yin ta

A nan tsarin Birtaniya ya burge ni. Sun gane cewa wanda jininsa ya hau bai dace ya zama alƙalin kansa ba. Da zarar direba ya ƙi tsayawa, jami'in da ke bayansa zai sanar da ɗakin kula da zirga-zirgar sintiri, ya faɗi dalilin tsayarwar, irin titin, yawan jama'a, yanayin sama, gudun da ake yi, da ko yaro ne ke tuƙin. Wani babba da ke zaune a sanyi, ba sitiyari a hannunsa, shi zai ce a ci gaba ko a tsaya, kuma in ya ce a tsaya magana ta ƙare. Shi ma direban yana da ikon janyewa da kansa a kowane lokaci. Sun kasa aikin gida biyu: matakin farko na bin sawu da ba da rahoto kawai, mataki na biyu kuma na tare motar, wanda sai direbobi masu horo na musamman a motocin da suka dace ke yin sa. Dokar da suka yi a 2022 ta ce idan aka gurfanar da direban ɗan sanda, za a auna tuƙinsa ne da na ƙwararren ɗan sanda mai irin horonsa, amma wannan kariya ta wanda ya yi horon da aka tsara ce kaɗai.

Sauran ƙa'idojin kusan iri ɗaya ne duk inda aka rubuta su. Yawanci mota biyu ke bi, ta gaba ta sa ido, ta baya ta riƙe magana a oba-oba, ba a yin ayari. A bar tazara. A kowace mararraba a sassauta a tabbatar an ga hanya kafin a ratsa, ko da jiniya na kuka, domin a nan ne mafi munin karo ke faruwa. Ba a bin mutum ta hannun da ba nasa ba a babban titi. Ba a shiga tsere da fursuna ko farar hula a cikin mota. Kuma shawarar ba sau ɗaya ake yin ta ba: korar da ta dace a kan babbar hanya da tsakar dare tana iya zama haramun bayan minti biyu idan ta shigo bakin kasuwa ko lokacin tashin makaranta.

Akwai wata ƙa'ida da ake yawan mantawa. Idan an janye, dole wanda ake bi ya ga an janye. A kashe jiniya da fitila, a koma gudun kowa da kowa, in da hali a karya kwana a bar titin. Wanda ya kashe jiniya amma ya ci gaba da manne wa mutum a baya bai janye ba, ya dai cire gargaɗin da ke sa jama'a su kauce.

Harbin motar da ke tafiya kuwa, ban taɓa ganin alherinsa ba. Harsashi ba ya tsayar da mota. In ya sami direban, ka samar da tan ɗaya da rabi na ƙarfe da ba mai riƙe da shi. In ya kuskure, ya tafi inda Allah ya nufa, sau da yawa jikin fasinja. A 1972 rundunar birnin New York ta hana jami'anta harbin mota mai tafiya, sai in na ciki na kai hari da wani makami ban da motar.

Dabarar wuntsila mota da kake gani, wadda suke kira PIT, ita ce a sa gaban motar sintiri a gefen bayan waccan a ture ta ta juya. A ƙaramin gudu, a fili mai faɗi, tana aiki. A babban gudu kisa ce, shi ya sa rundunoni da yawa suka sa mata iyakar gudu. A 2020 a jihar Arkansas an yi wa wata mata mai juna biyu wannan dabara, motarta ta kife, alhali ta rage gudu ta kunna sigina tana neman wuri mai aminci ta tsaya. Ƙararta ta sa aka gyara ƙa'idar rundunar. Shimfiɗar ƙusoshi mai sace iskar taya a hankali ta fi sauƙi, amma ita ma ta ci rayukan jami'an da ke shimfiɗa ta a bakin titi, kuma ba a yi wa babur ita sai in rai ake karewa. Jirgi mai saukar ungulu da na'urar bin sawu da ake harba wa mota ta manne sun fi duka, domin suna ba motar sintiri damar ja da baya.

A nan gida

Alƙaluman da na kawo na Amurka ne, ba za a ɗora su kai tsaye a kan titunanmu ba. Amma duk abin da ya bambanta mu da su ƙara haɗarin yake yi. Motar sintirinmu galibi Hilux ce ko makamanciyarta, doguwa, mai saurin kifewa a kwana, ga jami'ai zaune a buɗaɗɗen baya ba abin da ya ɗaure su. Titunanmu a cike suke da masu talla, almajirai, 'yan acaɓa da dabbobi, kuma babu shinge tsakanin kwalta da mai tuya. A-daidaita-sahu ƙafa uku gare shi, kwana ɗaya a guje ya ishe shi tuntsurewa da fasinja. Mutanen Jibiya ba za su manta da watan Agustan 2021 ba, lokacin da motar jami'an kwastam ta afka wa jama'a, mutane da dama suka rasu. Mazauna garin sun ce masu fasa-ƙwaurin shinkafa ake bi, hukumar ta danganta abin da matsalar burki. Ko wanne aka ɗauka, babbar mota ce a guje a inda mutane suke.

Ta fuskar doka, sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya kare ran kowa. Ya yarda a yi amfani da ƙarfi don kama mai laifi, amma gwargwadon abin da ya zama dole a hankalce. Umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019, ya ɗora amfani da ƙarfi da bindiga a kan larura da daidaito, ya kusanto da shi ga ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990, waɗanda suka ce ba a nufin kisa sai in babu wata hanyar ceton rai. A fahimtata wannan ma'auni ya hau kan sitiyari kamar yadda ya hau kan kunamar bindiga. Kuma dole a faɗi gaskiya: duk korar da asalinta na goro ne a shinge, ba ta da wata hujja tun daga tushe, kuma irinta ce ke sa direbobi ganin gudu ya fi tsayawa.

Kai da ke kan sitiyari

In an tsayar da kai, tsaya, ko da takardunka sun mutu. Tarar da za ka biya ba ta kai ƙafar mutum ba. Na san akwai dare da dajin da mutum ke shakkar ko masu kakin na gaske ne, kuma shakkar tana da dalili. A irin wannan hali kada ka ƙara wuta. Rage gudu sosai, kunna sigina ta ɓangarorin biyu, kunna fitilar cikin mota, ka gangara zuwa wuri mai haske da jama'a, gidan mai ko shinge na gaba, ka tsaya hannuwanka a kan sitiyari. Wannan ba tabbacin tsira ba ne, amma yana nuna wa na bayanka cewa ba tsere kake yi ba.

In kuma tsere ne ya taho ta bayanka, ka gangara gefe a hankali, kada ka take burki a tsakiyar titi. Idan motar farko ta wuce, dakata tukuna, akwai ta biyu, wataƙila da ta uku. Masu komawa titi da sauri bayan ta farko su ake yawan kaɗewa.

Game da dattijuwar, danginta na da haƙƙin kai kuka. Su rubuta rana da lokaci da wurin, lambar motar sintirin in an gani, sunayen shaidu, su adana takardun asibiti da rasit. Za su iya kai wa DPO na yankin, ko sashen karɓar ƙorafi na rundunar da aka kafa a 2015, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ni ba lauya ba ne, maganar diyya sai su nemi lauya ko ofishin ba da agajin shari'a kyauta. Abin da zan ce su nace a kai shi ne a amsa musu tambaya uku a rubuce: wane laifi aka tsayar da yaron a kansa, wane babba aka sanar kafin a bi shi cikin unguwa, kuma me ya hana a ɗauki lambar kekensa a same shi a tasha.